Rigar Waya

A cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye takardun aikina akwai wata tsohuwar ƙusa da aka naɗe da jar waya tun daga kai har kusa da tsini. Duk lokacin da maiɗakina ta tashi kakkaɓe ɗaki sai ta tambaye ni ranar da zan jefar da wannan tarkace, ni kuwa in yi murmushi in mayar da ita mazauninta. Ni malamin Faransanci da Hausa ne, ba ni da wata shahada a fannin lantarki, amma ƙusar nan ta koya mini abin da ban samu a littafin nahawu ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne wata siririyar fata da ke jikin wayar, wadda ido ba ya lura da ita sai an nuna masa.

Abin ya faru a Damagaram cikin shekarar 1994, ina ɗan shekara 14, ina kwaleji. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba za su manta da watan Janairu na wannan shekara ba, watan da aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, har da batir. Mahaifina tela ne a unguwar Zango, kuma bayan keken ɗinkinsa babu abin da yake ji da shi kamar rediyonsa mai cin manyan batir huɗu. Da an gama labarun dare sai ya zare su ya ajiye ƙarƙashin matashi, da safe ya shanya su a rana, wai don su farfaɗo.

A wannan zango ne malaminmu na kimiyya ya zana mana wani abu a allo: ƙusa, waya naɗe a jikinta, da batir. Ya ce da zarar wuta ta bi wayar, ƙusar za ta zama maganaɗisu, ta riƙa jan allura da ƙananan ƙarafa, da an yanke wutar kuma ta koma ƙusa kamar kowace ƙusa. Ba mu da ɗakin gwaji, saboda haka muka kwafe zanen a littafi kamar yadda muke kwafe komai. Ni dai abin ya hana ni barci. Na samo waya a wurin wani abokina wanda wansa ya fasa wata ƙonanniyar taransifoma, na jira mahaifina ya fita, na ɗauko batir biyu, na naɗa wayar a ƙusa kamar sau sittin, na ɗora bakinta biyu a kan batir, na kusantar da allurar ɗinki. Ko motsi ba ta yi ba. Na juya batir, na sake naɗi, na canza ƙusa. Kwana uku ina wannan fama a ɓoye, har na fara raya wa raina cewa irin waɗannan abubuwa a ƙasar Turawa kaɗai suke aiki, mu namu shi ne haddace su don jarrabawa.

Rana ta huɗu na nufi kasuwar Dole, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da ke zama a wata ƴar rumfa cike da gawarwakin akwatuna. Ban san sunansa ba a lokacin, kowa Baba mai rediyo yake ce masa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa ƙusata.

Ya ce: “Ɗan lakwal, me ke tafe da kai?”

Na ce: “Baba, wayar nan ce ta mutu.”

Ya jujjuya ta a hannu, ya ce: “Waya ba ta mutuwa, sai dai ta tsinke. Ka tuɓe mata riga?”

Na ce: “Baba, ai tsirara take, ba ta da roba.”

Bai ba ni amsa ba. Ya ɗauko rabin reza ya miƙo mini, ya ce in kwantar da bakin wayar a kan katako in kankare a hankali. Ina jan rezar sai na ga wani gari ja-ja yana zuba, ƙarƙashinsa kuma wani ƙarfe mai haske ya bayyana, launinsa ya fi na dā fari da ƙyalli. Ashe jan da nake gani tun farko ba na ƙarfen ba ne. Na kankare ɗaya bakin, muka ɗora a batir, sai ga ƙananan kusoshin da ke kan teburinsa sun yi tsalle sun manne. Har yau ina jin ƙarar wannan mannewa a kunnena. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. Nawa duhun bai kai kaurin gashin kai ba.

Bari in tsaya nan in bayyana wa mai karatu abin da na fahimta daga baya. Wayar da ake naɗawa cikin taransifoma, da injin fanka, da lasifika, da famfon ruwa, jan ƙarfe ce da aka shafe da wani irin shafe mai kama da ƙaro, aka gasa har ya bushe ya kama jikinta. A wayar da kaurinta ya kai rabin milimita, kaurin shafen bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita ba. Da Faransanci ana kiranta fil émaillé, sunan da yake iya ruɗar da mutum, domin émail na asali gilashi ne da ake narkawa a kan ƙarfe, irin wanda ke jikin langa da fanteka da iyayenmu mata suke jerawa a ɗakin amarya. Na jikin waya kuwa dangin roba ne da ake haɗawa a masana'anta. Na daɗe ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki wannan ma'ana, ban samu wadda ta kai ta dattijon nan ba: riga.

Da na koma gida ranar nan, murna ta sa na yi lissafin yara. Na ce tun da kankare ɗan baki ya sa ƙusa ta ja ƙarfe, to kankare wayar gaba ɗaya zai sa ta ja guduma. Na warware naɗin, na zauna bayan ɗaki na tuɓe wayar tas daga farko har ƙarshe, na sake naɗawa, na haɗa da batir huɗun duka, na ɗaure da zare don kada su kuɓuce. Ƙusa ba ta ja komai ba. Na dai ji batiran suna ɗumi a hannuna, na ɗauka ƙarfi ne yake taruwa, na ci gaba da jira. Kafin in farga sun yi zafi, sun kuma mutu murus.

Da dare mahaifina ya saka su a rediyo, ya murɗa, shiru. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, na faɗi gaskiya. Na zaci duka zan sha, amma abin da ya yi ya fi duka ciwo: ya zauna a tabarmarsa da rediyon a cinya har lokacin labarai ya wuce, bai ce uffan ba. Sati guda gidanmu babu labarai, maƙwabtan da suka saba zuwa saurare suna zuwa suna komawa. Daga baya ya kama hannuna ya kai ni rumfar dattijon, ya ce masa: “Ga ɗanka nan. Tun da hannunsa na ƙaiƙayi, ka riƙe shi wannan hutu ya san abin da yake taɓawa.”

Da Baba ya ga wayar da na tuɓe sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ce: “Yaro, na ce ka naɗe mata hannun riga, kai kuma ka yi mata tsirara a kasuwa.” Sa'an nan ya yi mini bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba. Wuta, in ji shi, raguwa ce, kullum gajeriyar hanya take nema. Rigar nan ita ke tilasta mata ta zagaya ƙusa sau sittin, kuma kowane zagaye yana ƙara wa ƙusar ƙarfin ja. In babu riga, zagaye ya taɓa zagaye, duka kuma suka taɓa ƙusa, sai wutar ta tsallake kai tsaye daga wannan baki zuwa wancan, ta bar aikin da aka sa ta, ta ƙone batir a banza. Ashe abin da ya hana ni aiki kwana uku shi ne kuma abin da aikin ya dogara a kansa. Ana cire shi a inda ake son haɗuwa, ana barinsa a inda ake son rabuwa, kuma sanin iyakar nan shi ne sana'ar.

Wata uku na yi a rumfar, ina share ƙura, ina hura gawayin da ake ɗora ƙarfen liƙi a kai idan wuta ta ɗauke, ina kankare bakin waya har yatsuna suka saba. Na koyi cewa kowace waya da irin hannun da take so. Mai kauri, irin ta injin fanka, reza ko wuƙa ta ishe ta, amma a kwantar da kaifin, a riƙa juya wayar ana ja zuwa baki, kada a daddage a tsaye. Wanda ya daddage zai yi mata tsaga, tsagar kuwa ko ba a gan ta ba, nan ne wayar za ta karye ranar da aka lanƙwasa ta, sau da yawa bayan an gama naɗi an rufe akwati. Matsakaiciya ta fi son takardar nan mai yashi da kafintoci ke goge katako da ita: a ninka ƴar ƙarama mai laushi, a matse wayar a tsakiya, a ja, a juya, a ja, har ƙyalli ya zagaye ta. Akwai kuma masu ƙona bakin da ashana ko kyandir. Hanya ce mai sauri, sai dai tana barin baƙin toka da tsatsa waɗanda dalma ba ta kamawa, don haka dole a goge bayan ƙonawa. Siririyar waya kuma kan narke ta dunƙule kafin a ƙifta ido, ko da yake jan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1085 yake narkewa, domin harshen wuta yana kai wa haka a kan abin da ba shi da jiki.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce hanyar siraran wayoyi masu kama da gashi, waɗanda reza ke yankewa nan take. Baba yakan tara ɗigon narkakkiyar dalma a bakin ƙarfe mai zafi sosai, ya tura bakin wayar ciki ya ƙirga kaɗan. Sai ɗan hayaƙi ya tashi, ya zaro ta fara sol, rigar ta tafi, dalma ta maye gurbinta. Wata rana kuma ya yi haka ya ga wayar ta fito yadda ta shiga, sai ya ce: “Wannan mai taurin kai ce,” ya koma ga reza. Shekaru bayan haka na karanta dalili. Rigunan iri-iri ne. Akwai na poliyuretan, wanda ke narkewa idan zafi ya kusa digiri 400, alhali dalmar liƙi ta gargajiya, mai kashi 60 na kuza da 40 na dalma, tun wajen digiri 190 ta zama ruwa. Shi ya sa ƙarfe mai ɗan ɗumi ke narka dalma ya bar riga. Akwai kuma waɗanda aka yi domin injuna masu zafi, da ke jure digiri 200 ko fiye shekara da shekaru, waɗannan ƙarfen liƙi ba ya yi musu komai. Dattijon bai san sunayensu ba, amma da launi da warin hayaƙi yakan rarrabe su. Hayaƙin nan kuwa guba ne ga huhu, shi ya sa kullum yake juyar da fuska, yake kuma hana ni sunkuyawa a kai. Haka nan dabarar da wasu ke yi ta danna waya da ƙarfe mai zafi a kan ƙwayar asfirin: tana ci, amma tururinta yana shaƙe mutum, ba na kuma yarda yaro ya yi ta a gabana.

Ya kan ce kada in yarda da idona. Bayan kankara sai an gwada, ko da na'urar awo, ko da batir da ƙwan tocila: in ƙwai ya kama, hanya ta buɗe, in bai kama ba, akwai sauran riga ko da waya na ƙyalli. Yau zan ƙara wa wannan gargaɗi wani: kayan araha da yawa da ke shigowa kasuwanninmu wayarsu sanholo ce, wata ma an yi mata ruwan jan ƙarfe a sama. Sanholo kuwa a digiri 660 yake narkewa, ba ya kuma karɓar dalma da sauƙi. Wanda ya kankara ya ga fari kamar azurfa, ya san abin da ke hannunsa, ya nisanta shi da wuta.

Da na shiga jami'a a Yamai na ci karo da tarihin abin a ɗakin karatu, sai na ga ashe kuskuren da na yi bayan ɗakinmu shi ne katangar da ta tsayar da manyan masana. A 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Danmak ya lura cewa wuta mai bin waya tana karkatar da allurar kamfas. Wajen 1825 William Sturgeon a Ingila ya nuna maganaɗisun lantarki na farko, kuma da tsirarar waya ya yi shi: ƙarfen ya shafa wa fenti, ya naɗa wayar sau 18 kawai, da tazara tsakanin zagaye da zagaye don kada su taɓa juna. Ƙarfen nasa mai nauyin giram 200 ya ɗaga kilo 4. Sai Joseph Henry a Amurka ya juya tunanin, ya sa wa wayar kanta riga ta zaren siliki, ya samu damar naɗa ɗaruruwan zagaye, wani kan wani. A 1831 maganaɗisun da ya ƙera wa jami'ar Yale ya ɗaga fiye da kilo 900. Tsakanin kilo 4 da kilo 900 babban abin da ya shiga shi ne riga. Siliki da auduga suna cin wuri, saboda haka da aka samu shafe siriri a farkon ƙarni na 20, injuna suka ƙanƙance har suka shiga aljihunmu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon labari shi ne wani abu da ya faru a ƙungiyar al'adu ta makarantarmu, wadda nake jagoranta ranar Laraba da yamma. Galibi wasan kwaikwayo da tatsuniya muke yi, amma ganin yadda yara ke kawo mini abin sauraren wayar salula da ya tsinke, suna mamakin siraran zaren ja da kore da shuɗi da ke ciki waɗanda ko an murɗa su tare ba sa kamawa, sai na ce mu ƙera ƙaramin inji. Kayan ba su da wuya: batir babba ɗaya, fil biyu na maƙale tufafi a matsayin ginshiƙai, maganaɗisu daga mataccen lasifika, da waya da aka naɗa kamar sau goma sha biyu ta zama zobe, aka bar bakinta biyu a miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu, su hau kan fil.

Wata yarinya ƴar aji uku, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta fi kowa tsabtar naɗi. Ta kankare baki biyun tas, ta ɗora. Zoben ya yi rawa, ya karkata, ya tsaya cik. Ta tura shi da yatsa, ya je ya dawo ya tsaya. Yara maza suka fara dariya, ɗaya ya ce wannan ba aikin mata ba ne. Na ga idonta ya kawo ruwa, na kuma ga ta fara tattara kayanta. A wannan lokaci hannuna ya miƙa zai karɓi zoben ya gyara mata, domin haka muka saba, mu malamai: mu yi, yaro ya kalla, a tafa mana. Sai na tuna cewa Baba reza ya miƙo mini, bai karɓi ƙusata ba.

Na ba ta sabuwar waya, na ce: “Ƴata, sake naɗawa. Baki ɗaya ki tuɓe shi duka. Ɗayan kuma ki tsayar da zoben a tsaye, ki kwantar da bakin a gefen tebur, ki kankare saman kawai, ki bar masa rabin rigarsa a ƙasa.”

Ta ce: “Malam, ai wuta ba za ta wuce ta rabin ba.”

Na ce: “To me zai faru idan ba ta wuce ba?”

Ta yi shiru tana kallon zoben farko. Can sai ta ce, a hankali, kamar mai magana da kanta: idan wuta na bi kullum, maganaɗisun da ya tura zoben a rabin farko shi zai jawo shi baya a rabi na biyu, idan kuwa wuta ta yanke a rabi na biyu, zoben zai wuce da gudunsa har ya dawo inda za a sake tura shi. Ban ƙara ko kalma ba. Ta kankare rabi, ta ɗora, ta ɗan taɓa shi. Zoben ya juya, ya sake juyawa, sa'an nan ya kama gudu har ya zama inuwa. Ajin ya yi tsit, ba a jin komai sai ƴar ƙarar waya a kan fil. Yaron da ya yi dariya shi ya fara matsowa yana cewa ta nuna masa yadda ta riƙe rezar.

Ranar nan na koma gida na buɗe akwati na daɗe ina kallon ƙusata. Wayar da ke jikinta ta uku ce, wadda na naɗa a rumfar kasuwar Dole a ƙarshen hutun 1994, bakinta biyu kaɗai a kankare, kowane kamar faɗin farce. Bakin sun yi baƙi da tsatsa, amma sauran jikin na nan ja kamar jiya, domin rigar da ta raba zagaye da zagaye ita ce kuma ta tsare ƙarfen daga iska duk waɗannan shekaru. Na ɗan goge bakin, na ɗora a batir, ta ɗauki allura.

Baba mai rediyo ya rasu tun ina jami'a, ban kuma samu labari ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Da na je gaisuwa na tarar rumfar ta koma hannun wani mai sayar da cajar waya. Ban taɓa gaya masa cewa na zama malami ba, balle in gaya masa cewa rabin abin da nake yi a aji daga teburinsa na ɗauko. Ga ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyi, shawarata ƙarama ce: a kowane gari namu akwai mai naɗin injin fanka ko mai gyaran rediyo da ke zaune da irin wannan sani a yatsunsa. Mu gayyato shi yammacin wata Laraba, mu tanadi batir da waya da reza, mu bar yara su yi kuskurensu biyu, na rashin kankarewa da na wuce iyaka. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan mahaifina da ya yi sati guda babu labarai bai ɗaga mini hannu ba.